Fim ɗin damben mutum-mutumi: uban da ya karɓi kuɗi a kan ɗansa ya cancanci wannan yafiyar?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren Asabar muka zauna da yarona muka kalli Real Steel, fim ɗin nan na 2011 da Hugh Jackman ya fito a matsayin Charlie Kenton, tsohon ɗan dambe da ya koma yawo da mutum-mutumi a babbar mota yana haɗa su faɗa. Yaron nawa shekararsa 11, daidai da Max, ɗan Charlie a cikin fim ɗin. Shi kam ya ji daɗi ƙwarai, har yanzu yana kai naushi a iska yana cewa shi ne Atom, mutum-mutumin da Max da ubansa ke shiga gasa da shi. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, turmin ƙarshe ya sa na miƙe tsaye.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mutumin nan ya bar ɗansa tun yana jariri. Da uwar yaron ta rasu aka kira shi kotu, ko shekarun yaron bai sani ba. Ya ja mijin 'yar'uwar marigayiyar gefe ya ce zai sa hannu ya bar musu yaron idan aka ba shi dala 100,000, rabi yanzu rabi daga baya. Kuɗin da ya karɓa kuma ya je ya sayi wani mutum-mutumin da su. To wai don ya yi rani ɗaya da yaron suna cin gasa, shi ke nan an yafe masa? Ni dai ina ganin fim ɗin ya sassauta masa da yawa. Me kuka gani?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumussalam. Malam fim ne fa na nishaɗi, ƙarafa suna dukan juna, yara suna ihu. Ba a yi shi don a zauna ana masa shari'a ba. Ni sau huɗu na kalle shi, ban taɓa tsayawa kan zancen kuɗin nan ba.

Maman_Ikram:
Ɗan_Fagge, ai da zancen kuɗin aka buɗe labarin, ta yaya za a ƙi tsayawa a kansa? Ni wurin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da Max ya gane an yi ciniki a kansa. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi a ba shi rabin kuɗin tunda shi aka sayar. Yaron da ya rasa uwa kwanan nan ne yake wannan magana. Duk uwar da ta ji wannan sai cikinta ya juya. Abban_Sadiq, ina tare da kai.

Bahagon_Kurna:
Ni kuma ban yarda an yafe masa a ɓagas ba. Ku tuna abin da ya faru bayan sun doke Twin Cities, mutum-mutumin nan mai kai biyu. Wani Ricky da yaransa suka tare su a waje, suka yi wa Charlie dukan kawo wuƙa a gaban ɗansa, suka kwashe kuɗin da suka ci, saboda tsohon bashin dala 20,000 da ya gudu bai biya ba tun ranar da bijimi ya ragargaza masa mutum-mutuminsa Ambush a Texas. Daga nan ya mayar da yaron wurin Debra, 'yar'uwar marigayiyar, kuma da aka miƙo masa ragowar dala 50,000 ya ƙi karɓa. Mutumin da babu ko sisi a aljihunsa, ga bashi ta ko'ina. Wannan ai tuba ce a aikace.

Maman_Ikram:
Ya ƙi karɓar rabin ƙarshe, na ji. Rabin farko fa? Ya mayar?

Bahagon_Kurna:
Hajiya ai wannan ya riga ya narke. Da shi ya sayi Noisy Boy, na Japan ɗin nan mai jin umarni da murya, ya kai shi filin faɗa na Crash Palace ya dage sai babban wasa da Midas, zakaran wurin, duk da an ba shi shawarar ya fara da ƙarami. Dare ɗaya aka fille masa kai. Ina zai samo ya mayar?

Maman_Ikram:
To ka ga ni. Rashin abin mayarwa ba ya goge laifin karɓa.

Malam_Habu_Zariya:
Bari in ɗan tsoma baki ta wani ɓangare, tunda zancen ya taɓo riƙon yaro. Mutane da yawa suna kallon fim ɗin suna ganin Debra ce mai raba ɗa da uba, mai kuɗi da ta zo ƙwace. Ni ban ga haka ba. 'Yar'uwar uwar yaron ce, ita ta san shi, ita ta nemi a ba ta shi. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa, idan uwa ta rasu, reno yana komawa ga kakar wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, tun kafin a zo kan uba. Kuma hadisi ya tabbata a Bukhari game da 'yar Sayyidina Hamza, da Ali da Ja'afar da Zaidu kowa ya ce shi zai riƙe ta, Annabi (SAW) ya ba wa Ja'afar saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya ce matsayinta matsayin uwa ne. Su can Amurka da dokarsu suka yi aiki, amma abin da aka yanke bai yi nisa da abin da hankali zai karɓa ba.

Abin da ke kan uba a kowane hali shi ne ciyarwa da tufatarwa da kulawa. Charlie bai yi ko ɗaya ba tsawon shekara 11, ƙarshe ma shi aka biya. Nan ne laifinsa yake, ba a barin yaron hannun Debra ba.

Hauwa_Jos:
Allah ya saka da alheri Malam. Kuma ku lura Debra ba ta ma san da cinikin ba, mijinta Marvin ne ya ƙulla shi a ɓoye don su samu su tafi hutu Italiya su kaɗai. Kullum ana zagin Charlie ana mantawa da wanda ya biya kuɗin. Shi ma fa so yake ya yakice yaron na wata uku.

Injiniya_Sule:
Ni abin da ya kawo ni shi ne ƙarafan, ku yi haƙuri. Mutane suna ɗauka duk aikin kwamfuta ne. Ba haka ba ne. Kamfanin Legacy Effects ya ƙera wasu daga cikinsu da gaske, da girmansu, ana motsa kai da hannuwa daga nesa. Shi ya sa idan ka ga yaron yana kallon Atom ido cikin ido sai ka ji abin ya zauna, don akwai abin da yake kallo a gabansa. Wurin faɗan kuma mutane ne suka sa kaya masu na'urorin ɗaukar motsi suka yi damben, sannan aka ɗora siffar ƙarfe a kansu. Sugar Ray Leonard aka ɗauko ya ba da shawara kan salon naushin, shi ya koya wa Hugh Jackman tsayuwa da kai hannu. Leonard ɗin nan shi ne ya ci zinare a damben gasar Olamfik ta Montreal a 1976, ya kuma riƙe kambun duniya a aji biyar na nauyi. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a fannin dabarun hoto, fim ɗin Hugo ne ya doke shi.

Ɗan_Fagge:
Yauwa Injiniya, irin wannan nake son ji. Kuma a ina aka ɗauka? Don wuraren sun yi kama da tsofaffin masana'antu.

Injiniya_Sule:
Yawanci a jihar Michigan, Detroit da kewayenta. Garin ƙera motoci ne da masana'antunsa da yawa suka mutu, shi ya sa tsatsa da tsofaffin gine-ginen suka dace da labarin.

Sarkin_Zare:
Ni ɗan gidan mahauta ne, a gidan dambe na tashi, don haka da wani ido na kalli fim ɗin. Abin da ya fi ba ni tausayi ba yaron ba ne, Charlie ne. Mutum ne da sana'arsa ta mutu yana raye. Jama'a suka ce jinin ɗan'adam bai ishe su kallo ba, suna son a yi kaca-kaca, ɗan'adam kuma ba zai iya ba su wannan ba, sai aka kawo ƙarfe. Ka yi tunanin a ce an wayi gari an rufe filin Ado Bayero Square ko na Dei-Dei an ce daga yau inji ne zai ɗaura zare. Ina ɓangarorin dambenmu, Arewa da Kudu da Guramada, za su sa kansu? Ɗan damben da aka saba yi wa kiɗan kalangu, yana kirari jama'a suna liƙa masa kuɗi, ranar da hannunsa ya daina kisa, wato kayar da abokin karawa, ba kowa ke iya ɗaukar wannan ba. Na ga irinsu da idona. Wani ya koma caca, wani ya koma shaye-shaye, wani ya bar gari ya bar iyali. Ban ce daidai ne ba. Cewa nake na san irin mutumin, ba ƙirƙirarsa aka yi ba.

Kuma ku duba inda fim ɗin ya kai shi. A wasan ƙarshe na'urar jin murya ta Atom ta lalace, ba sauran hanya sai a mayar da shi kan kwaikwayon motsi, wato duk abin da Charlie ya yi a gefen fili Atom ya yi. Yaron ya roƙe shi. Ranar ce Max ya fara ganin ubansa yana sana'ar da ya iya. A gidan dambe mun san wannan, ranar da ɗanka ya fara ganin ka yi kisa, kallon da yake maka ya canja har abada.

Ummi_Katsina:
Sarkin_Zare ka sa ni hawaye wallahi. Wurin nan da aka rage sauti, yaron ya daina kallon fili ya juyo yana kallon babansa, Bailey, ƙawar Charlie, ma tana kallonsu daga cikin jama'a tana share ido. Ni nan ne fim ɗin gaba ɗaya.

Abban_Sadiq:
Sarkin_Zare, maganarka ta shige ni, kuma na gode. Amma ka ga inda nake jin tsoro ke nan. Yaron ya ga bajintar ubansa sai zuciyarsa ta yi sanyi. To uban da ba shi da bajintar da zai nuna fa? Mai gadi, mai tura baro, wanda kullum yana gida yana fama da kuɗin makaranta, babu mai yi masa tafi. Shi fim ba ya yi da shi. Wanda ya gudu shekara 11 ya dawo da naushi mai kyau shi ne gwarzo. Wannan nake gudun yarona ya ɗauka.

Sarkin_Zare:
Gaskiyarka a nan. Ban da amsar wannan.

Zahra_Damagaram:
Sannunku. Ni labarin kusan nawa ne, shi ya sa na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Mahaifina ya tafi ci-rani ina da shekara 3. Da farko yana aiko da saƙo, daga baya shiru. Ƙanwar mahaifiyata ce ta riƙe ni bayan rasuwar innata, ita ta yi mini komai har aure. Ina da shekara 19 ya dawo, ya tsufa, ba shi da komai. Mutane suka taru a kaina, ubanki ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na gaishe shi, na yi masa abinci, na yi masa biyayya har ya koma ga Allah, kuma ina yi masa addu'a kullum. Amma in ce muku zuciyata ta sake da shi kamar yadda ta sake da wadda ta raine ni, na yi ƙarya.

Abin da nake jira daga gare shi kalma ɗaya ce, ya ce ya yi kuskure. Bai faɗa ba. A fim ɗin Charlie ya faɗa. Ya tuƙo mota har ƙofar gidan Debra, ya tsaya a gaban yaron da matar, ya amsa laifinsa da bakinsa, ya nemi izini kafin ya ɗauki yaron zuwa wasan ƙarshe. Ku da kuke cewa an sassauta masa, ni a wurina wannan tsayuwar ta fi duk damben nauyi. Iyayenmu maza da yawa sun gwammace su mutu da su yi ta.

Maman_Ikram:
Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, Zahra. Allah ya saka wa wadda ta riƙe ki da Aljanna. Na ji maganarki, kuma ta rage mini zafi a kan mutumin, ko da ban sauka gaba ɗaya ba.

Malam_Habu_Zariya:
Amin. 'Yata Zahra, abin da kika yi shi ne abin da aka ɗora miki, biyayya da kyautatawa. Sakewar zuciya kuma ba a hannun mutum take ba, kada ki riƙa tuhumar kanki a kanta.

Kb_Gadget:
Tambaya daban don Allah. Shin Atom yana da hankali ne? Akwai inda aka bar shi shi kaɗai a ɗakin shiri yana kallon kansa a madubi, an daɗe a kan fuskarsa. Kuma akwai inda Max yake tambayarsa ko yana gane maganarsa, ya ce zai rufa masa asiri.

Injiniya_Sule:
A yadda aka bayyana shi, tsohon samfuri ne na ƙarni na biyu, an ƙera shi don manyan su riƙa atisaye a kansa. Shi ya sa yake shan duka bai faɗuwa amma naushinsa ba ƙarfi. Kwaikwayon motsi kuma aikinsa ne, in ya ga motsi ya maimaita. Ni a ganina ba hankali, an bar ƙofar a buɗe ne don mai kallo ya cika da abin da ke ransa.

Ummi_Katsina:
Ni kuma ina ganin yaron ne yake buƙatar ya yarda akwai wani a ciki. Ku tuna yadda ya same shi. Cikin dare, ana ruwa, a wurin zubar da tsofaffin ƙarafa, ƙasa ta zame da shi zai faɗa rami, hannun Atom da ke binne a laka ya maƙale masa riga. Ya ce wannan ya ceci ransa, sai ya tono shi. Uban ya ce shara ce, ya tafi ya bar shi. Yaro ɗan shekara 11 ya kwana yana tono shi kaɗai ya jawo shi a kan amalanke har gari ya waye. Abin da aka yar ya haɗu da wanda aka yar. Dole ya ga mutum a cikinsa.

Hauwa_Jos:
Wannan barin nasa a cikin ruwa ma, Abban_Sadiq, ka ƙara shi a lissafinka. Ni ya fi ba ni haushi a kan kuɗin.

Bahagon_Kurna:
Ai yaron ma da ya iso sai da ya kai masa duka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kai iri ɗaya, son caca iri ɗaya. Ku duba wasan farko na Atom da wani mutum-mutumi mai suna Metro a tsohon gidan namun dajin nan, an ce za a biya su in Atom ya kai ƙarshen turmi ɗaya, ya kai, aka ce a ninka, uban na cewa a karɓi kuɗi a tafi, yaron ya ce a ci gaba. Daga baya kuma ya fizge makirufo a gaban duniya ya ƙalubalanci Zeus, zakaran duniya na damben mutum-mutumi. Charlie kansa yake gani a jikin yaron, shi ya sa ya tsorata.

Baba_Mai_Rediyo:
Ku yara kuna ta cewa labarin Rocky ne aka sa wa ƙarfe, na ji ana faɗa a waje. Akwai kama, ba musu, tunda a fim ɗin 1976 ma wanda ba a san shi ba ya kai ƙarshen wasa da zakara, alƙalai suka ba zakaran. Amma dabarar turmin ƙarshe ta Muhammad Ali ce. Ranar 30 ga Oktoba 1974 a Kinshasa, mu a rediyo muka bi labarin. Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska ya bar George Foreman ya yi ta jibga har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na 8 ya kwantar da shi. Abin da Charlie ya yi wa Zeus ke nan, ya bar shi ya ƙona wutarsa, yaron na ta ihu a rama, shi yana cewa tukuna. Da na ga wurin nan na gane waɗanda suka tsara shi sun san dambe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan_Fagge:
Baba ai cutar Atom aka yi. Ya kai Zeus ƙasa, ƙararrawa ce ta cece shi. Har sai da Tak Mashido, wanda ya ƙera Zeus, ya ture masu sarrafawa ya karɓa da hannunsa, abin ya ƙi. A ce wai an ba Zeus da maki!

Sarkin_Zare:
Ba cuta. Turmi biyar aka yi, Zeus ya mamaye na farko-farkon, ya kai Atom ƙasa ba sau ɗaya ba. A ƙa'idarsu ta maki shi ya ci. Da a wurinmu ne ma da tuni an gama, don da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ba ƙirga goma. Tun turmin farko da an ɗaga hannun Zeus an tashi. In kuma ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa a raba su, ba ruwanmu da maki.

Kb_Gadget:
Ni na fi son yadda ya ƙare a haka. Da ya ci da abin ya yi yawa. An kira shi zakaran jama'a, ya isa.

Nafisa_Littattafai:
Ƙarin bayani ga masu son asali. Tushen fim ɗin gajeren labari ne mai suna Steel da Richard Matheson ya wallafa a 1956, aka mayar da shi wasan talabijin a 1963 cikin shirin The Twilight Zone, Lee Marvin ya fito a ciki. A can babu yaro ko kaɗan. Tsohon ɗan dambe ne da mutum-mutuminsa ya lalace ana gab da wasa, ga shi yana matuƙar buƙatar kuɗin, sai ya yi shigar inji ya shiga fili da kansa, injin gaske ya yi masa lilis. Labari ne mai ɗaci. Zancen uba da ɗa masu fim ne suka ƙara, Shawn Levy ya ba da umarni, Steven Spielberg na cikin manyan masu ɗaukar nauyi. Don haka Abban_Sadiq, sassaucin da kake gani da gangan aka zuba shi, don iyali su shiga sinima tare. Kuma ya yi musu aiki, an kashe kimanin dala miliyan 110, ya kawo kusan miliyan 300.

Abban_Sadiq:
Na gode Malama Nafisa, ban san wannan ba. Ke nan an ɗauki labarin mutumin da ya ba da jikinsa aka mayar da shi na mutumin da ya ba da ɗansa, sannan aka sa masa sukari.

Nafisa_Littattafai:
Ban kai can ba ni. Na ga dai sun riƙe abu ɗaya daga asalin, cewa a ƙarshe mutum ne yake damben da jikinsa. Sauran kuma nasu ne.

Injiniya_Sule:
Wani abu kuma, fim ɗin ya ce a 2020 abin ke faruwa. Ga shi mun wuce, ba mu ga masu tsayin ƙafa takwas suna fille wa juna kai ba. Amma a watan Mayun 2025 an yi gasar damben mutum-mutumi a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, da samfurin G1 na kamfanin Unitree. Tsayinsu kamar mita 1.3 ne, nauyi wajen kilo 35, mutane na sarrafa su daga gefe. Suna kai naushi da ƙafa, suna faɗuwa su tashi da kansu. Ba su kai na fim ba ko kusa, amma wanda ya ga bidiyon zai tuna da Atom.

Hajiya_Bilki_Accra:
Tambayata ga waɗanda suka kalla da yara. Ya dace da ɗan shekara 7? Jikokina suna ta damuna.

Maman_Ikram:
Hajiya a Amurka ma na 'yan 13 zuwa sama suka sa masa sai da kulawar iyaye. Babu tsiraici, jini kaɗan ne. Amma akwai caca daga farko har ƙarshe, akwai giya, akwai baƙar magana tsakanin yaro da uba, akwai sumba wuri ɗaya ko biyu, sai dukan da aka yi wa Charlie a gaban yaron wanda zai iya tsorata ƙarami. Ki zauna tare da su, abin sarrafawa na hannunki. Ni abin da na fi tsawatar wa nawa shi ne yadda Max ke kiran ubansa da sunansa yana ɗaga masa murya.

Zahra_Damagaram:
Maman_Ikram, a kan kiran suna, ki yi masa uzuri. Baba suna ne da bakin yaro ke sabawa da shi tun yana koyon magana. Wanda bai saba ba, nauyi yake masa. Ni sai da na yi wata biyu kafin ya fito daga bakina.

Hauwa_Jos:
Ni har yanzu akwai abin da ban ji an taɓo ba. Bayan an tashi daga wasan, wa zai kai Max makaranta ranar Litinin? Takardar riƙo tana hannun Debra, dare ɗaya ta ba da aro. Fim ɗin ya tsaya a kan yaro a kafaɗar ubansa ana tafi. Ba a nuna mana ko Charlie ya daina caca ba, ko ya biya sauran masu binsa ba, ko zai riƙa zuwa ganin yaron ba. An yi ta zancen kashi na biyu shekara da shekaru bai fito ba, a 2022 kuma aka ce Disney+ na shirin mayar da shi mai dogon zango.

Bahagon_Kurna:
Zai riƙa zuwa. Mutumin da ya ƙi dala 50,000 ba zai sake ɓacewa ba.

Maman_Ikram:
Wanda ya ɓace shekara 11 ne fa, Bahago. Rani ɗaya muka gani.

Abban_Sadiq:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Jiya da daddare na tambayi Sadiq, na ce da kai ne Max za ka yafe masa? Ya yi shiru, ya ce zai yafe amma ba zai koma gidansa ba, zai zauna wurin antinsa, uban ya riƙa zuwa ranar Asabar da Atom. Na ce me ya sa? Ya ce don kar wata rana kuɗi su ƙare masa ya sayar da Atom. Ya kuma ce in tambaye ku, wai da Noisy Boy bai lalace ba, Charlie zai kula yaron kuwa? Sarkin_Zare da Zahra, ku nake so ku fara amsa masa, zan karanta masa in ya dawo daga Islamiyya.